Motar da za ta wuni a bakin ofis

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan Kano ne, shekarata tara a Riyad, ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfani a unguwar Ulayya. Muna zaune a unguwar Manfuha ni da maman yara da 'ya'yanmu uku. Tun da aka buɗe Metro, jirgin ƙasa na cikin gari, da shi nake zuwa aiki, kuma ban ga aibunsa ba. Na tara riyal 28,000 don in rufe ginin da nake yi a gida, wanda ya kai linta yau damina biyu ke nan yana shan ruwa. Watan jiya ƙaramar 'yarmu ta tashi da zazzaɓi mai zafi da ƙarfe biyun dare, muka tsaya a ƙofar gida kusan rabin awa muna jiran motar da na kira ta waya. Tun daga ranar maman yara ta ce lallai sai na sayi mota. Wanta ma ya bugo daga gida yana cewa ya za a yi mutum ya shekara tara a Saudiyya yana bin motar haya kamar ɗan makaranta. Na ga wata mota a kasuwar motoci ta Shifa ta 38,000, abokina zai ranta mini cikon. Wani abokin aikina kuma cewa ya yi in sayi keke in huta. Albashina 7,500 ne. Kwana goma ke nan ba mu yi maganar kirki a gidan ba. Me kika gani?

Ɗanki na Manfuha

Wa alaikumus salam ɗana. Yaya jikin yarinyar? Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya raya muku su duka.

Bari in fara da daren nan, don daga nan maganar ta taso. Uwa tana tsaye a bakin titi da ƙarfe biyun dare, ɗa a kafaɗa jikinsa kamar garwashi, tana kallon ɗan hoton mota a waya yana tafiya yana tsayawa, wannan rabin awar a wurinta ta fi wuni tsawo. Kai kana ƙirga mintoci, ita tana ƙirga numfashin yarinya. Saboda haka kada ka ɗauki maganarta a matsayin son burga ko zugar ɗan'uwanta. Tsoro ne ya kama ta, kuma tsoron yana da dalili. Idan a cikin kwana goman nan ba ka taɓa zama ka ce mata kai ma ka tsorata a daren ba, to nan ne ka fara yin kuskure, tun kafin a zo maganar kuɗi.

Amma ina so ka zauna ka kalli ranar farko bayan ka sayi motar. Ka tashi bayan asuba, ka karya, ka ɗauki makulli ka fita da ƙarfe shida da rabi. Motar ta bi ka Ulayya, ka zagaya ka samu inda za ka ajiye ta, ta wuni a rana a bakin ofis har magariba. Ita kuma maman yara tana ina? Tana nan inda ka bar ta, cikin ɗakuna biyu da yara uku. Idan makaranta ta kira da ƙarfe goma cewa babban ya faɗi ya fasa baki, motar tana Ulayya. Idan gas ya ƙare ana tsakar girki, motar tana Ulayya. Idan ta ji ƙawarta ta haihu a Gubaira tana son ta je barka, motar tana Ulayya. Zazzaɓin tsakar dare yakan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, wunin kaɗaici kuwa kullum ne. Motar da za ka riƙa tafiya aiki da ita za ta magance na farkon ne kawai, shi ma idan kana gida.

Na faɗi haka ne don na san wunin nan. Lokacin da marigayi maigidana ya kawo ni garin nan, mace ba ta tuƙi, ba Metro, ba motar da za ka kira ta waya. Yana da mota, kuma bai rage ni da komai ba, Allah Ya jiƙansa. Amma daga fitarsa da safe har ya dawo, duniyata tagar kicin ce mai ƙarfe, ina leƙen bangon maƙwabta. Ni da na taso a gidan da ba a rufe zaure, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta aiko da ɗan wake, sai ga ni ina jiran ƙarar makulli kafin in ga fuskar babban mutum. Idan ya dawo a gajiye daga cunkoso na ce a kai ni wurin wance, sai in ga nauyin abin a fuskarsa, in haɗiye. Motarmu tana ƙofar gida kowane dare, amma ban taɓa jin cewa ina da hanyar fita ba. Ina kyautata zaton abin da matarka take nema ke nan, ta ga cewa idan wani abu ya taso ba a ɗaure take ba. Kalmar da ta samu ta faɗe shi da ita ita ce mota.

Yanzu ga maganar zuwanka aiki. Ɗana, kai kana cikin waɗanda Allah Ya yi wa gyaɗar dogo a garin nan. Metro ɗin Riyad layi shida ne, tsawonsa kilomita 176, tashoshi 85, amma akwai unguwanni da yawa da mutum zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga ƙofar tasha. Kai kuwa shuɗin layi, wanda aka fara buɗewa ranar 1 ga Disamba 2024, yana da tasha a Manfuha, ya bi ta Ƙasarul Hukum da Baɗaha, ya miƙe ta Ulayya har cibiyar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah. Ba canjin jirgi, ba jiran bas a tsakani. Mutane da yawa suna ƙara kuɗin haya don su samu gida kusa da tasha, kai kana da shi a hannu kana shirin ka saki ka koma titin Sarki Fahad. Ka san titin nan da ƙarfe bakwai na safe da kuma bayan la'asar. Layi huɗu ya zama shida, kowa ƙafarsa a birki, wani ya kutso ta dama ba sigina, wani yana haska maka fitila ta baya kamar kai ka tare hanyar. Mutum ya isa ofis ransa ya riga ya ɓaci, ya dawo gida ba ya son ko yaro ya taɓa shi. Na ga abin da tuƙin nan ya yi wa maza masu haƙuri, ya mai da su masu saurin faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ba na cewa jirgin aljanna ne. Da safe taragon maza yakan cika, musamman daga Baɗaha, kuma na san sau da yawa a tsaye kake tafiya kana riƙe da ƙarfe. Amma tsayuwar minti ashirin ko talatin cikin sanyin na'ura, kana iya yin azkar ɗinka ko ka saurari karatu, kuma ka san lokacin da za ka isa, ba ɗaya take da zaman da ba ka san ƙarshensa ba a bayan sitiyari. Kwanaki na shiga da jikokina biyu za mu Gidan Tarihi na Ƙasa, muka zauna a taragon iyali. Ƙaramin ya manna goshinsa a gilashi yana tambayata ina direban, na ce masa wannan jirgin ba shi da direba, ya ƙi yarda har muka sauka. A gefena wata 'yar Sudan ce da jaririnta a keken turawa, gaba kuma 'yan mata 'yan ƙasa da jakunkunan jami'a. Ba wadda ta jira wani ya kawo ta. Na daɗe ina kallonsu ina tuna tagar kicin ɗina.

Sai lissafi, tunda aikinka ne. Masu ba ka shawarar mota za su ce maka ai mai a ƙasar nan araha ne, kuma gaskiyarsu. Litar mai lamba 91 riyal 2.18 ce. Idan zuwa da dawowarka kilomita 30 ne, kwana 26 a wata, motar kuma tana cin lita ɗaya a kilomita goma saboda cunkoso da na'urar sanyi, kuɗin manka bai wuce riyal 170 ba. Katin Darb, wato katin shiga jirgi da bas, na wata guda 140 ne. Idan a nan aka tsaya, sai a ce bambancin bai taka kara ya karya ba. To amma mai shi ne ƙaramin abin da mota take ci. Akwai tamin, wato inshora, na kowace shekara, akwai fahas, wato gwajin lafiyar mota, akwai sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, akwai juyen baƙin mai, akwai tayoyi da batir waɗanda zafin garin nan yake cinyewa da wuri. Motar da aka riga aka mora, wadda ba ka san yadda mai ita ya riƙe ta ba, ranar da kwamfuresar sanyinta ta mutu a watan Yuli ba za ka ce sai wata mai zuwa ba, dole ka nufi Sana'iyya, unguwar makanikai, a ranar. Sannan ga Sahir, kyamarar kama masu karya dokar hanya. Kyamarar nan ba ta san uzuri ba. Ka ɗaga waya kana tuƙi, tarar daga 500 ce zuwa 900. Ka ƙetare jar danja, daga 3,000 zuwa 6,000. Kuskuren daƙiƙa biyu a mahaɗa ɗaya zai iya cinye kusan rabin albashinka, kuma saƙon zai shigo wayarka kafin ka isa gida. Duk wanda ya yi shekara yana bin titunan nan safe da yamma, ka tambaye shi tsakaninsa da Allah sau nawa saƙon ya same shi.

Ka ɗora wannan a kan abin da ka riga ka ɗauka. Mutum huɗu ne a ƙarƙashin igamarka, wato takardar izinin zamanka, kowanne kana biya masa riyal 400 a wata, 1,600 ke nan kafin a sayi ko buhun shinkafa, 19,200 a shekara. Ga haya, wadda ta yi tashin da sai da gwamnati ta dakatar da ƙari a Riyad na shekara biyar a watan Satumba 2025. Ga makarantar yara, ga na gida da suke sa ran saƙo duk wata. A kan albashin 7,500 za ka zo ka ɗora bashin 10,000 da bakin mota da ba ya rufuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce haramun ne ba. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga bashi a cikin sallarsa, kuma bashin aboki a ƙasar baƙunta ya fi kowanne nauyi, domin shi ma abokin nan abin da ya tara don iyalinsa ne zai miƙo maka. Na ga zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan kuɗin da bai kai wannan ba.

Kuma kada ka manta a kan me muke zaune a nan. Zamanmu a kan kwantiragi yake. Kamfani zai iya kiranka gobe ya ce an mayar da kujerarka ta 'yan ƙasa, ko ba za a sabunta ba. A ranar da hakan ta faru, ba za a ba ka bizar fita ta ƙarshe ba sai ka biya duk tarar da ke kanka, ka kuma fitar da motar daga sunanka. Mai sayarwa cikin gaggawa kuwa kowa ya san yadda 'yan kasuwar mota suke yi masa. Ginin da ke Kano shi ne abin da zai tarbe ku idan kun sauka. Bulon da ya sha damina biyu a buɗe ya fara gajiya, ta uku za ta fara tsattsaga shi, kuma kuɗin kwano da katako a gida ba sa jiran kowa. Ka rufe gininka kafin ruwa ya sauko. A wannan ba ni da shakka ko kaɗan.

Maganar surukinka kuwa, na san inda ta samo asali. Da can abin da ake kira motar haya a Riyad su ne tsofaffin bas-bas ƙirar kwasta da ake kira khaɗɗul balda, masu tashi daga Baɗaha a cushe, ba sanyi, sai leburori da wanda ba shi da yadda zai yi. Wanda ya zo Umara ko ya ji labari a wancan zamanin, hoton da ke kansa ke nan. Bai ga ma'aikatan banki da farar jallabiya da jakar kwamfuta suna layin shiga jirgi ba. Ka girmama shi, wan matarka ne, amma kada ka yi masa bayani mai tsawo. Ba shi zai biya tamin ba, kuma ranar da ka koma gida ba rufin kwana, bakin da ya ce ba ka da mota shi zai ce ka shekara goma a Saudiyya ba ka ajiye komai ba.

Keke kuma, ka gode wa abokin aikinka, ka bar shi a nan. Garin da gwamnati da kanta take hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba garin da magidanci zai taka keke daga Manfuha zuwa Ulayya ba ne, ga manyan titunan da ba a yi su don mai keke ba. Ina ganin bayin Allah masu kai saƙo suna ratsawa tsakanin motoci, kullum sai na yi musu addu'a. Idan kana sha'awa, ka saya wa yara, ku je Wadi Hanifa da sanyin hunturu.

To me za a yi wa maman yara? Nan ne nake so ka kashe kuɗi, kuma ka kashe da sakin fuska. Ka ware mata wani abu duk wata, ko 300 ne ko 400, wanda sunansa kuɗin fita, ya shiga hannunta, kada ta riƙa tambayarka kafin ta taɓa shi. Ka sa mata manhajar kiran mota a wayarta, irin su Uber ko Careem, fiye da ɗaya don idan wannan ta yi jinkiri ta gwada waccan. Ka yi mata katin Darb nata. Tikitin riyal 4 yana aiki awa biyu, a jirgi da bas duka, kuma akwai taragon iyali. Wata Asabar ka ɗauke su gaba ɗaya, ka nuna mata yadda ake shiga da yadda ake canja layi, ku sauka a Ƙasarul Hukum ku zaga kasuwar Dira, ku dawo. Sau biyu za ku yi ta gane hanya, na uku da kanta za ta je. Na san daga gida zuwa tasha da yara uku a watan Agusta ba wasa ba ne, shi ya sa na ce kuɗin mota ma ya kasance a hannunta. Rani na motar waya ne, daga Nuwamba zuwa Maris kuwa tafiyar ƙafar ma daɗi gare ta.

Daren rashin lafiya shi ma a yi masa tanadi tun da rana tsaka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta lambobi ku manna a jikin firij: 997 na motar asibiti ta ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, 937 na Ma'aikatar Lafiya inda likita zai saurare ku ta waya ko da tsakar dare ya gaya muku ko abin na gaggawa ne. Ku san asibitin da ya fi kusa da ku wanda yake karɓar inshorarku kuma ba ya rufewa. Sannan ka je da kanka wurin maƙwabci ɗaya ko biyu masu mota, cikin 'yan'uwanmu Hausawa ko ma wanda kuke haɗuwa a sahu, ka ce masa idan dare ya yi mana tsanani zan buga maka. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan maganar ya ƙi ba. Abin da ya hana ka bugawa a wancan daren kunya ce, don ba ka riga ka share hanyar ba.

Ranakun da mota take da daɗi na gaske, wato fita istiraha, gidan shaƙatawa na haya, da jama'a, ko sayayyar wata, ko ɗauko baƙo, ka yi hayarta ta kwana ɗaya ko biyu idan kana da lasisi. Ka biya, ku more, ka mayar musu da kayarsu su ji da gyaranta.

Ban ce kada ka taɓa sayen mota ba. Iyali mai yara uku a Riyad, in da hali, mota tana da amfani. Amma ta zo bayan rufi, da kuɗin hannunka, ƙarama wadda kayan gyaranta suke ko'ina, kuma ka kai ta a duba maka ita ciki da waje kafin ka biya. Idan ta zo, shawarata ita ce ka ci gaba da bin jirginka, motar ta kwana a gida ta wuni a gida. Tun 24 ga Yuni 2018 mata suke tuƙi a ƙasar nan, kuma mai igama tana iya shiga makarantar tuƙi ta karɓi lasisi, kai kuma ka yi mata tafwidi, wato izinin tuƙa motarka, ta manhajar gwamnati ta Absher. Idan tana da sha'awa kuma kai ka aminta, wannan ita ce motar da za ta kai yaro asibiti da ƙarfe goman safe. Idan ba ta da sha'awa, ba dole, kuɗin fitarta yana nan.

Yau da daddare, bayan yara sun kwanta, ka ajiye takardar lissafi a gefe tukuna. Ka fara da ba ta haƙuri a kan shirun kwana goman nan, ko kana ganin ba kai ka fara ba. Ka gaya mata yadda ka ji a bakin ƙofar nan. Sannan ka tambaye ta, ban da daren, wane lokaci ne a mako ta fi jin rashin abin hawa, ka yi shiru ka saurara har ta gama, kada ka katse ta da lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bayan nan ka nuna mata hoton ginin yadda yake yanzu, ka gaya mata ɗakin da ka yi niyyar ya zama nata, ku sa wa rufin wata, ku sa wa motar shekara, ta ji da bakinka cewa ba ka kashe maganar ba.

Ka rubuto mini bayan wata biyu in ji yadda fitarta ta farko ita kaɗai ta kasance. Ka gaishe ta, ka ce mata Hajiya tana duba yarinya.